Tsohuwa Mai Daddawa a Sabon Benen Jega

Shekarun baya can, lokacin da jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, ina ɗinki a wata rumfar zana a bakin kasuwar Jega. Daga Liba na zo da keken ɗinkina ɗaya da almakashi, kuma burina duka bai wuce in sami wurin da ruwan sama ba zai jiƙa wa mutane tufafi ba. Ana haka sai wani Alhaji mutumin Aliero, wanda ya yi arziki da fataucin albasa, ya tayar da bene kusa da mararrabar garin, shaguna sama da ƙasa.

Matasan yanzu za su yi dariya, amma wallahi a lokacin mutane kan taso daga ƙauyuka don kallon ginin nan kawai. Ranar da aka cire katakan da suka kare shi, ni ma na je. Na hango hotunan amare a jere cikin wani shago, na doshe su kai tsaye, ban san akwai gilashi tsakanina da su ba. Ƙarar da goshina ya yi har masu lodin mota sai da suka waiwayo. Mai shagon ya fito yana riƙe ciki don dariya, ya shafa mini ruwan sanyi, kuma tun daga ranar ya zama abokina.

Shi ya gaya mini dokar Alhajin: ba zai ba mutum biyu masu sana'a iri ɗaya shago ba. Wani babban ɗan kasuwa ya nemi ya kama shaguna huɗu ya zuba siminti, aka hana shi. Da na ji babu tela a cikin waɗanda aka ɗauka, na yi ƙarfin hali na tari Alhajin bayan sallar la'asar.

"Mi kaka yi, samari?" ya tambaye ni.

"Ɗinki nika yi, Alhaji. Na mata."

Ya dubi ɗinkin rigar da ke jikina, ya kama bakin hannun ya juya, sannan ya ce, "Shagon da ke kusa da matakala naka ne. So nike mutum shi shigo nan da buƙata bakwai, shi koma gida bai tahi Sakkwato ba."

Haka kuwa aka yi. In ka tsaya a tsakar ginin da hantsi, sai ka rasa inda za ka sa ido. Ga mai kemis da kwalabensa a jere, ga wani Inyamuri da kayan gyaran babura har rufi. Akwai wata Bayarabiya mai tangaran da robobi masu launin da ban taɓa gani ba. A sama akwai mai gyaran rediyo, da mai littattafai, da wani mai agogo wanda shagonsa ke ɗaukar ƙara gaba ɗaya idan awa ta cika. Mai firji kuwa, makiyaya kan jingina sandunansu a ƙofarsa, su sayi lemo mai sanyi, su riƙe kwalbar a kumatu kafin su sha. Ni da na saba da rumfar zana, kullum na buɗe ƙofa na kunna fanka sai in ji kamar an ɗauke ni an ajiye a wata ƙasa.

Shago ɗaya ya rage a kulle, wanda ke manne da nawa. Muna ta hasashe, wasu na cewa mai gwal za a ba, wasu na cewa mai atamfa daga Kano. Rannan da safe sai ga amalanke ya tsaya, aka sauke ƙwarya da kwanduna, wata tsohuwa daga Fagada ta sauko tana gyara mayafi. Daddawa take sayarwa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu. Ta shimfiɗa tabarma a kan simintin nan mai sheƙi, ta miƙe ƙafa, ta ce mini, "Ɗana, mun zama maƙwabta."

Na amsa da fara'a, amma a raina ban so ba. Kafin sati biyu warin daddawa ya kama labulena, ya kama yadin mutane. 'Yan haya suka fara gunaguni, wai an zubar wa gini da daraja. Aka yi shawara a je a sami Alhaji, kuma da yake ni ne na fi kusa da ita, aka ce ni zan yi magana. Ni kuma da ƙuruciya, har wani daɗi na ji an zaɓe ni.

Muka hau babur ni da abokina mai hoto, muka same shi a Aliero cikin rumfar da yake ajiyar albasa, ana ta cika buhuna. Na jera masa bayani kamar mai karatun wasiƙa. Ya bari na gama, ya dubi tulin albasar da ke kewaye da mu, ya yi murmushi.

"Wurin mai albasa kaz zo ƙarar wari?" ya ce. "Ni ba ni korar ta. Ku koma ku yi haƙuri da uwarku."

Ba a kore ta ba, amma magana ba ta ɓuya a Jega. Kwana biyu bayan haka na zo da safe na tarar da shagonta a share tas, ƙofa a rufe. Mai kemis ya ce ta bar sallahu: ba ta zama inda 'ya'yanta ke toshe hanci.

Da farko mun sha iska. Na wanke labule, na kunna turaren wuta. Amma kafin wata ya zagayo, na lura tsofaffin matan da ke kawo mini ɗinki a ƙulle cikin ɗankwali sun ɗauke ƙafa. Azumi na matsowa, lokacin da tela ba ya samun sararin cin abinci, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda. Ba ni kaɗai ba, Bayarabiya ta fara gyangyaɗi a kan kujera, abokina ya yini bai ɗauki hoton jariri ko ɗaya ba.

A kasuwa na ci karo da wata dillaliya da ta saba kawo mini aiki, na tambaye ta laifin da na yi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai kana zaton allon da ka rubuta sunanka muka karantawa? Matan da ke cikin gidaje sun taɓa ganin benenku? Inna mai daddawa ce ke bin su gida gida da asuba tana kai daddawa, tana ba su labari. Ita ta ce akwai tela mai hannu kusa da ita. Ita ke cewa wance, kwanukan aurenki suna wurin Bayarabiya, wance, a kai yaronki a yi mashi hoto. Mu 'yan aike ne kawai. In mun zo sayen kayan miya, sai mu sauke saƙon kowa."

Na kama hanyar komawa shago. Ashe duk wannan cikar da muke taƙama da ita, a kan tsohuwar nan take shigowa.

Washegari muka kama hanyar Fagada, ni da abokina. Muka same ta a tsakar gida tana wanke kalwa a babbar tukunya. Na durƙusa har ƙasa, na ce, "Inna, ni ne na kai ƙararki. Ki yahe mani."

Ba ta ɗago ba sai da ta tsane hannunta. "Na sani, ɗana. Kuma gaskiyarka, daddawa tana da wari. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya ture miya don ita ba." Sannan ta ce za ta dawo, za ta riƙa rufe ƙwaryar da faifai saboda yadin mutane, amma tana da buƙata guda. "Tunda nike ban taɓa hawa bene ba. Kunya nika ji in tambaya. In na dawo, ka kama hannuna ka kai ni bisa."

Ranar da ta dawo na cika alkawari. Muka hau a hankali, tana bisimilla a kowace matakala, 'yan haya duk sun fito suna kallo. Da muka isa sama ta kama ƙarfen baranda da hannu biyu. Garin duka na shimfiɗe a gabanta, rufin kwano da na ƙasa, motocin albasa na wucewa ƙanana kamar na wasa. Sai ta fara nuni da yatsa. Wancan gida mai darbejiya na mahauta ne, matar babban ɗansu ta kusa haihuwa. Wancan mai jan ƙyaure na direba ne, za su aurar da 'ya'ya biyu bayan salla. Can gefe akwai tsohon da ciwon ƙafa ya kwantar, ba mai kai masa magani. Haka ta bi unguwa unguwa, gidajen da ba ta taɓa gani ta sama ba, ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba. Mai kemis da ke bayanmu ya sauka a guje ya ɗauko takarda don ya rubuta gidajen.

Shekara tara muka yi muna maƙwabtaka kafin Allah ya karɓi abarsa. Yanzu gine-gine irin wannan sun cika ko'ina, wasu sun ninka namu girma da kyau, amma sau da yawa in na shiga sai in ga shago goma duk kaya iri ɗaya, masu su na zaune suna kallon juna. Nakan tuna Alhajin nan da bai yi boko ba, amma ya san wanda ya kamata ya zauna kusa da wa. Na yi shekaru ina auna mutane da tef, amma mace mafi girma da na taɓa zama kusa da ita, sai da ta tafi Fagada ta bar ni da keke a tsaye sannan na san girmanta. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.