Kaset ɗin Baba Mai Guga

Duk layin babu wanda bai taɓa kai wa Baba Mai Guga kaya ba, kuma babu wanda bai sha faɗansa ba. Ka kawo riga da maiƙo a wuya, sai ya yi maka wa'azi kafin ya karɓa. Amma da la'asar ta yi zai kashe garwashin dutsen guga ya shige gida, ko kayan wa ke jira.

Matarsa ce dalili. Tsufa ya cinye mata tunani, har shi ma wani lokaci sai ta gaishe shi kamar baƙo. Abu ɗaya ke dawo da ita, wata tsohuwar waƙar soyayya ta zamanin samartakarsu. In ya sa kaset ɗin sai ta bi amshin, ta kalle shi ta ce, “Kai, har yanzu ba ka iya rawa ba?” Don wannan zolayar kaɗai yake rayuwa.

Ran nan rikodar ta cinye zaren kaset ɗin. Ya yi liƙi, ya yi dabara, abu ya ƙi. Mako ya zagayo ba ta gane shi ba, kewa ta hana shi cin abinci.

Sai ga autarsu da waya a hannu. “Baba, wani shahararren mawaƙi ya sake rera waƙar nan a gaban jama'a. A gwada mata mana.”

“Wannan mai tsukakken wandon?” in ji Baba. “To, sa mu ji.”

Mawaƙin ya ja waƙar a hankali. Da aka zo amshi ya yi shiru, ya miƙa wa jama'a makirufo, dubban mutane suka ɗauka da murya ɗaya. Tsohuwa ta ɗago kai. Leɓɓanta suka motsa, ta bi su tiryan-tiryan. Baba ya matso gabanta.

Ta gyara ɗankwali, ta dube shi da ladabi.

“Bawan Allah, an fara wasan ashe. Ba ka ga mijina ba? Shi ya ce zai kai ni.”



“Yana nan tafe,” in ji Baba.

Ta matsa masa gefen tabarma, ya zauna, suka ci gaba da jira tare.