Kujerar da Na Yi wa Inna a Bayan Babur

Ni malamin gona ne, kuma duk wanda ya san aikin ya san rabinsa a kan babur ake yin sa. Gidana yana Kazaure, wajen aikina kuwa ƙauyukan Babura ne, har Kanya Babba da abin da ke bayanta. Shekara da shekaru ina wannan kai-da-komo, har na san babur ɗina fiye da yadda na san wasu daga cikin dangina. Ina kuma da wata cuta da ba na ɓoyewa, ba na iya barin abu yadda kamfani ya yi shi. Kujerar da ya zo da ita na cire, aka yi mini mai faɗi. Na sa gilashi a gaba saboda iska da ƙwari. Na ɗaga hannuwansa sama kaɗan don in daina sunkuyawa, na haɗa wajen cajin waya a jikin batir, na rataya jakunkunan tamfol biyu a gefe. Matata takan ce saura kawai in sa masa ƙofa da labule, in kwashe kayana in tare a ciki.

Wata damina, ranar wata Talata da hantsi, ɗan Iya ya kira ni a waya. Iya yayar mahaifiyata ce, tana aure a wani ƙauye can bayan Gwiwa. Ita ta raini Inna, domin uwarsu ta rasu Inna ko yaye ba a yi mata ba, saboda haka Inna ba ta san wata uwa ba sai ita. Ya ce jikin Iya ya motsa, kwana uku ke nan ba ta leƙo tsakar gida ba, kuma tana ta tambayar ƙanwarta. Na ce yaya jikin yanzu, ya ce da sauƙi. Na san kowa haka yake cewa ko da mutum na kan gargara, amma na karɓa.

Ni ne ɗan Inna na fari. A gidanmu, da yake akwai jinin Fulani, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tun rasuwar Baba take zaune a gidana, amma in tana son wani abu daga gare ni, matata take faɗa wa, ko da ina tsaye a wajen. Da na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata saƙon, bango ta kalla, ta ce Allah ya ba ta lafiya. Can ta juya wajen matata ta ce, "Ki ce wa maigidanki in ya samu sarari."

Mota ba ta shiga ƙauyen nan da damina. Daga inda kwalta ta ƙare sai burji, daga burji sai yashi da kwazazzabai, babur ma sai wanda ya san hanya. Ƙanena da Inna ke sakewa da shi yana can kudu wajen aiki. Ɗan acaɓa kuwa ba zan iya ba shi uwata ba a wannan hanya. Ni ɗin dai ne zan kai ta, kuma a nan matsalar take.

Sau ɗaya na taɓa ɗaukar ta a babur, shekarun baya, za mu suna Roni. Ta zauna a kaikaice yadda tsofaffin mata ke zama, ƙafafu duka a gefe ɗaya, ta bar tazara tsakanina da ita kamar za a sa wani mutum. Ba ta riƙe ni ba, ba za ta taɓa riƙe ni ba. Bakin kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, kawai ta kama da yatsu. Muna faɗawa wani rami ta zame ta faɗi a kan ƙugunta. Ko wash ba ta ce ba, ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta sake hawa. Wata biyu ta yi tana salla a zaune. Wannan abu bai taɓa barin raina ba, don haka na rantse ba za ta sake hawa bayana ba sai na yi mata wajen zaman da ba za ta buƙaci taɓa ni ba.

Laraba da safe na kai babur wajen mai walda, wani dattijo mai yawan tsokana da ke bakin tasha. Na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke: majingini, matakin ƙafa mai faɗi, da wani ƙarfe mai lanƙwasa tsakanina da ita wanda za ta riƙe. Ya duba zanen ya dube ni.

"Malam, wai tsohuwa za ka ɗauka ko amarya?"

"Kai dai yi aikinka."

"Aiki ai na wuni ɗaya ne. Gobe war haka kuna hanya."

Daga nan na wuce wajen mai ɗinkin kushin da kujerar baya. Na ce soso biyu nake so, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, don laushi zalla yaudara ne, awa ɗaya kake yi ka ji ƙarfe. Na zaɓi leda mai kaushi wadda zani ba zai zame a kai ba. Wannan kam na yi daidai, har yau ina tsaye a kai.

Alhamis da yamma na shigo gida da babur ina ji da kaina. Na ce matata ta hau ta gwada. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta kama haɓa.

"Malam, wannan majinginin na wa ne?"

"Na Inna mana."

"Inna a kaikaice take zama. Bayanta gefe yake kallo. Wannan ai kafaɗarta kawai zai tokare."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na yi majingini a can baya irin na maza masu zama a wawware, ni da na san yadda uwata ke zama tun ina yaro. Juma'a muka yanke shi, muka mayar da shi gefen dama. Matakin ƙafa muka bar shi a hagu, nesa da salansa mai fitar da hayaƙi, don kada zafi ya taɓa ta. Mai walda ya ƙara wata raga ta waya a jikin tayar baya saboda bakin zani kada kaca ta ja shi. Ƙarfen riƙo kuma na naɗe shi da robar tsohon tib da hannuna. Ranar Asabar da azahar komai ya kammala. Na ɗora buhun masara a kai na zagaya unguwa, ko motsi bai yi ba.

Da mun tashi Lahadi da safe, da shi ke nan. Amma ranar Asabar ɗin nan na tsaya wajen bakanikena a duba mini birki, sai ya danna bayan babur ɗin da hannu ya ce shokazoba, mai shanye girgizar hanya, ta fara gajiya. Bai ce ta mutu ba, cewa ya yi ta fara gajiya. Ya ce akwai wasu masu kyau a Kano, in ya ba direba saƙo Litinin ko Talata suna nan, in aka sa su ko a kan kunyar gona ka bi, na baya ba zai sani ba. Maganar ta shige ni. Na daɗe ina son irinsu, wannan ma sai in faɗa. Na ce a kawo.

A daren ban ce wa kowa komai ba. Da safe na durƙusa na gaida Inna, na ce, "Inna, saura abu ɗaya ake jira daga Kano. Ko mu tafi haka?"

Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce wa bango, "Ai a gama aikin."

Amsar da nake so ke nan, na ɗauke ta na fita da ita. Shekara arba'in da wani abu ina tare da matar nan, na san ba za ta taɓa buɗe baki ta ce da ni tashi ka kai ni ba, ko da gobara ce. Amma ranar sai na yi kamar ban sani ba.

Da la'asar ɗan Iya ya sake kira, ya hau wani tudu inda ake samun sabis. Ya ce da sauƙi. Ya ce yaushe za ku taho. Na ce cikin satin nan in Allah ya so. Ya ce to Allah ya kawo ku. Matata tana gefe tana tsince shinkafa, ta ce a hankali, "Malam, Inna fa ba ta cin abinci sosai kwana biyun nan." Na hau ta da faɗa. Na ce so take in sake kayar da tsohuwa a hanya a ce ni ne? Na ce wa ya san hanyar nan, ni ko ita? Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Litinin na tafi Babura, akwai taron manoma da na ce ba zan iya fashi ba, alhali abokin aikina zai iya riƙe mini. Talata shokazoba ta iso, aka ɗaura. Laraba aka tashi da ruwa aka wuni da shi, babu mai fita. Sai Alhamis muka kama hanya bayan rana ta ɗan ɗaga.

Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi kyau. Inna ta taka matakin, ta zauna, bayanta ya samu majingini, hannunta ya samu ƙarfe. Muka bar duwatsun Kazaure a baya, muka bi ta Roni, gero ya yi tsawo dama da hagu, gyaɗa ta rufe ƙasa. Bayan Gwiwa muka sauka daga kwalta. Duk ramin da muka faɗa sai in ji babur ya haɗiye shi. A wani kwazazzabo ruwa ya kai rabin taya, na sa giya ɗaya na ratsa a hankali, na leƙa madubi na ga hannunta a kan ƙarfen, ko gezau. Sau biyu na tsaya na ce ko za ta sauka ta miƙe ƙafa, ta girgiza kai. Daɗi ya cika ni a hanyar nan, har ina tunanin yadda zan ba mai walda labari.

Muna shiga ƙauyen na ga maza zaune a ƙofar gidan Iya, na ɗauka ta cika. Amma ba rasuwa aka yi ba, zaman jinya ne. Inna ta sauka tun ban gama kashe babur ba, ta shige ciki da saurin da ban san tana da shi ba. Na gaisa da mutane na bi bayanta.

Iya tana kwance a kan katifa a ƙasa, idonta a buɗe, yana kallon rufin ɗaki. Inna ta zauna a gefenta ta kama hannunta.

"Yaya, ni ce. Na zo."

Ta sake faɗa, ta matso da fuskarta daidai idon Iya. Idon bai motsa ba. Matar ɗan Iya, wadda ke jinyarta, tana tsaye a bakin ƙofa kusa da ni. Ba da mugunta ta faɗa ba, labari kawai take ba mu. Ta ce bakin ya rufe ne shekaranjiya da yamma. Ta ce har safiyar ranar tana magana sarai, ta sha kunu, kuma duk ƙarar babur da ta ji a waje sai ta ce a duba, ga 'yar ƙanwata nan. Shekaranjiya Talata ke nan, ranar da nake tsugune a gaban bakanike ina miƙa masa sifana.

Iya ta cika washegari Juma'a bayan an sauko daga masallaci, hannunta a cikin na Inna. Ba ta farfaɗo ta gane kowa ba. Muka zauna har aka yi sadakar uku, sannan muka juyo. A hanyar dawowa ban leƙa madubi ba ko sau ɗaya.

Da muka iso gida matata ta yi mata gaisuwa, ta kawo ruwa, ta ce yaya gajiyar hanya. Ina tsaye ina kwance jakunkuna. Inna ta ce, "Babu gajiya. Ki ce wa maigidanki Allah ya yi masa albarka. Kujerar nan ko kaɗan ba ta wahalar da ni ba." Na saurara ko zan ji wani abu a ƙarƙashin maganar, babu. Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan ta shiga ɗaki na ce da matata, don in samu abin kamawa, ai ita ma Inna ba ta nuna tana sauri ba, na tambaye ta da bakina ta ce a gama aiki. Matata ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Malam, tun ranar Talatar da aka kira ka ta ɗaure kayanta. Suna bayan ƙofa. Kullum da safe in ta ji ka tayar da babur, sai ta yafa mayafi ta sa takalmi ta zauna a bakin gado. In ta ji ƙararka ta yi nisa, sai ta cire."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ta hana ni. Ta ce kada a takura maka, kana ƙoƙari. Har ranar da aka wuni ana ruwa sai da ta yafa. Safiya takwas, Malam. Ni nake taya ta ninke mayafin."