Yadda Muntaka Ya Zaɓi Magini

A ƙauyenmu da ke gefen Bagwai, kowa ya san Muntaka da abu biyu: ƙarfin noma da maƙo. Ko goro zai ci, sai ya juya wa jama'a baya. Saboda wannan hali, shekarar da fari ya ƙone gero tun bai fitar da kai ba, shi kaɗai ne a unguwa rumbunansa ke cike da tsohuwar dawa.

A shekarar ce ya ce zai gina sabon gida a bakin gonarsa. Matarsa Fadima ta ce, "Malam, mutane na neman abin sawa a baki, kai kuma gini?"

"Ai yanzu ne lokacinsa. Magini ba zai nemi komai ba sai tuwo."

Saura zaɓen magini. Da wani ne, da sai ya zagaya ya duba katangun da kowane magini ya yi, amma Muntaka cikin magini ne ya dame shi, ba hannunsa ba. Ya gayyato magina uku, ya sa aka kawo tuwo da miyar kuka, ya koma gefe yana jan carbi yana satar kallo. Biyu suka naɗe hannun riga, suka yi wa akushi kaca-kaca. Na ukun, Ɗanliti, siriri kamar karan dawa, ya ɗan taɓa, ya wanke hannu, ya yi hamdala.

"Har ka ƙoshi?"

"Ni haka cikina yake tun ina yaro, Malam."

Nan take Muntaka ya ba shi aikin. Abin da bai sani ba, Ɗanliti ɗan ƙanwar uwar Fadima ne, kuma ita ta aika masa da ƙwaryar fura tun da hantsi, da saƙon ya shanye kafin ya zo.

Ranar da aka fara haƙa harsashi, Ɗanliti ya cinye malmala uku ya nemi ƙanzo. Muntaka ya riƙe baki.

"Ina cikin naka na yara?"

"Ƙasa ce ke buɗe shi, Malam. Ni ma abin yana ba ni mamaki."

Washegari ya zo da mai kwaɓa ƙasa. Daga baya ga mai yin tubali, ga mai miƙawa, ga mai jakin ɗebo ruwa, har da wani tsoho, Baba Usaini, wanda aikinsa kawai ya zauna a inuwa ya ce katanga ta miƙe ko ta karkace. Duk safiyar da Muntaka ya yi shirin korar su, sai ya tarar an ɗora azara rabi, ba damar tsayawa. In aiki ya kusa ƙarewa kuma, sai Fadima ta tuna ba a yi madafi ba, ko akurki, ko dakalin zaure. Ita ce ke tuƙa tuwon, kuma ba ta taɓa tuƙa shi daidai da bakunan da ke wurin ba. Kullum sai an tafi gida da saura a ƙwarya.

Kafin ruwan farko ya sauka, rumbu biyu sun zama fayau. Gida dai ya tsaya, soro mai kyau, yaɓe sumul, ko da yake ƙofar zauren ta yi gajarta, har Muntaka ya tsufa yana sunkuyawa.

Ranar tarewa, liman ya tashi a gaban jama'a ya ce a wannan shekara ta wahala Allah ya rufa asirin unguwa ta hannun Malam Muntaka, wanda ya fake da gini don ya ciyar da mutane ba tare da ya kunyata kowa ba. Aka yi ta kabbara. Muntaka ya buɗe baki zai yi gyara, ya dubi fuskokin mutane, ya rufe.

Da aka watse ya shiga cikin gida, ya tsaya a kan Fadima tana tankaɗe.

"Kin ji abin da liman ya ce?"

"Na ji, Malam. Allah ya karɓa."

Ya ce amin, sannan ya ƙara da cewa daga yau a rage gari.