Likitan Da Ya Mayar Mini Da Zartona

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina shago ina yankan katako, matata ta zo ta ce ka rasu. Na ajiye aikin na zauna. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Amma Likita, ko yanzu idan na tuna ka sai in ji ina murmushi.

Shekara shida ke nan da tari ya kai ni asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ga ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a huhun dama. Ban jira bayani ba, na yanke wa kaina hukunci cewa ciwon daji ne. Na ba ƙanena zartona da gudumata, na fara yi wa yara wasiyya.

Sai aka turo ni ɗakinka na duba hotuna, shayinka ya huce a gefen kwamfuta. Ka faɗaɗa hoton, ka ce, "Malam kafinta, dubi gefen ƙullin nan. Ya yi sumul ko bai yi ba?" Na ce sumul, kamar na goge shi da hannuna. Ka ce mugun ƙulli yakan fito da ƙayoyi, yana kuma girma. Duk da haka ba ka yi gaggawa ba, ka nemi tsohon hoto. Matata ta tono wani na shekara takwas a ƙarƙashin katifa. Ka jera su, ka auna, ka sake aunawa. Ƙullin bai ƙaru ba ko kaɗan.

"Tsohon tabo ne," ka ce. "Je ka karɓo zartonka kafin ƙanenka ya saba da shi." Na yi dariya har da hawaye.

Da yayata ta zo da nata hoton, ba ka ɓoye mata ba: gefen nata ƙullin bai kwanta maka ba. A makon ka sa aka ɗebi ɗan naman aka gwada. Daji ne, amma an kama shi da wuri, aka cire. Yau tana nan tana goyon jikoki, tana yi mana faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da abokan aikinka, ina miƙa ta'aziyyar gidanmu baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa Aljanna ce makomarka.