Saƙon da Na Cusa wa Mutane a Waya

Shekarun da na yi da shagon buga takardu a kusa da tasha a Gusau, ina da intanet na waifai da na bari a buɗe. Duk mai jiran mota ta cika sai ya zauna a bencin ƙofata ya hau, ban taɓa tambayar kowa abin da yake yi ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne mai sayar da buhuna, Alhaji muke kiransa. Wata rana bayan azahar ya ce mini, "Malam, ana kiran sallah, mutanen nan kansu na kan waya. Tunda abin naka ne, ba ka iya yi musu magana ta ciki?"

Na ce zan gwada. Na yi kwana biyu ina taɓa na'urar har na gano yadda zan yi. Da lokacin sallah ya yi, duk wanda ya buɗe shafi, nasa zai ɓace, nawa ya fito: "A tashi a yi sallah." Ranar farko na leƙo na ga ana duban juna, ana miƙewa. Na ji daɗi ƙwarai, Alhaji kuwa har ya kira abokansa su gani.

Mun kusa wata guda a haka, sai wata mata daga Bilbis ta wajen Tsafe ta zo, ma'aikaciyar asibiti. Tana cika fom ɗin neman ƙarin karatu, ranar kuma za a rufe. Ta kai shafi na ƙarshe la'asar ta yi, saƙona ya hau kan aikinta. Da ta koma baya, komai ya goge.

Ta shigo shagon, ta miƙo mini wayar. "Malam, duba mini, ina jin an shiga wayata."

Na ce, "Hajiya, ba kowa ba ne, ni ne. Tunatarwa ce."

Ta kalle ni. "To ka ga abin da na rubuta?"

Na rantse mata ban gani ba.

"Ni ta ina zan sani?" in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba. "Da kashewa ka yi, da na san an kashe. Amma ka sa hannu a tsakanina da inda nake aikawa, ba ka kuwa faɗa wa kowa ba."

Gaskiya ban karanta komai nata ba, amma kuma ba ni da hanyar nuna mata hakan. Na ba ta kwamfutata, ta sake cikawa tun daga farko, ina karanto mata lambobin takardunta. Motar Tsafe ta tashi ta bar ta, sai da ta jira ta gaba.

Washegari na cire saƙon. Na rubuta a kwali na manna a ƙofa cewa ana kashe waifai minti goma sha biyar duk lokacin sallah. Alhaji ya karanta, ya ce wancan ya fi tasiri. Na ce haka ne, amma wannan kowa ya san da shi kafin ya zauna.

Bayan wasu watanni wani direba ya kawo mini saƙonta cewa an ɗauke ta karatun, tana gaishe ni.