Tsumman da Baba Yake Ɗaura wa Gawo

Shekarar da aka sa ni cikin komiten duba darussan jami'armu, aikinmu shi ne mu ga ko ana koya wa ɗalibai yadda za a ci moriyar ƙasa ba tare da an kashe ta ba. Muka yi ta zama a biro, wato ofis, kowa na kare darasinsa kamar kaza mai ƴaƴa. Ni dai abu ɗaya na nace a kai: a fitar da ɗalibai gona, ko da na mako guda ne. Ban kuwa ɓoye ba, gonar mahaifina ta Bande nake nufi.

Baba yana da wata al'ada. In ana sassabe ya ga tohon gawo, sai ya rage masa rassa ya bar mai ƙarfin, ya yagi tsumma ya ɗaura, don kada mai noma ko makiyayi ya sare. Tsofaffin rigunansa duk can suka ƙare. Inna takan ce itatuwan gonar sun fi mai gonar sutura.

Da na ba shi labarin komiten, daɗi ya kama shi. "To mushe, yaushe za ka kawo mini ƴan lakwal ɗin naka?" Haka yake tsokanata da kiran da ɗalibai ke mini, mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko. Na ce baɗi, in Allah ya yarda. Baɗi ta zo, aka ce babu mota. Wata baɗin aka ce sai an sake zama. Duk sallar da na je gida tambayar ke nan, har na fara jin nauyin haɗa ido da shi. Shi kuwa tuni ya zaɓi inuwar da za su zauna.

Sai bayan rasuwarsa aka amince.

Da rani muka je, lokacin da komai ya bushe amma gawo na kore shar. Inna ta dama fura, ta sa aka kai ƙarƙashin itacen da ya zaɓa. Ɗalibai suka bazu suna awo, suna ɗaukar hoto. Ina ta bayani, amma muryarsa nake son ji, da tsakin da yake ja in ya tarar an karya reshe. Wallahi kewarsa ta cika mini ciki.

Can wata ɗaliba ta kira ni. "Mushe, wannan ƙyallen fa, na mene ne?"

A jikin wani ɗan gawo ne da bai wuce ƙuguna ba. Shuɗi ne, rana ta ci launinsa, amma na gane shi. Rigar da na kai masa ce a sallar da na fara ce masa baɗi.

Kusa da shi wani sabon toho ya fito, babu wanda ya ɗaura masa komai. Na durƙusa, na kama bakin rigata na yaga.

"Ku matso," na ce musu, "ya daɗe yana jiranku."