Ranar da Na Shiga Sahun Maza

Wata Juma'a ce cikin shekarar da manyan motocin aikin madatsar ruwa ta Bakolori suka fara ratsa gonakinmu, mahaifina ya riƙe hannuna muka nufi masallaci a Bakura. Rigar da ke jikina a kasuwar Talata Mafara ya sayo ta, kuma ita ce tufar maza ta farko da na taɓa sakawa. Na jawo hula har ta rufe kunnuwana, domin hudar 'yan kunne ba ta toshe ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne: kada wani ya miƙe a gaban jama'a ya ce a fitar da ni daga sahu.

Har zuwa damanar da ta gabaci wannan rana, sunana Hadiza. An haife ni da halittar da ta rikita ungozoma, irin wadda malaman fikihu suke kira hunsa, jama'a kuma su ce mata-maza, sai aka tafi a kan cewa mace ce ni. A haka na tashi a ƙauyenmu kusa da Birnin Tudu. Na iya sussuka da surfe da daka, na ɗauki tulu daga gulbi, na yi tallar fura ga leburorin da ke haƙa hanyar ruwa, na yi gaɗa da 'yar carafke da ƙawayena. Kakata ta koya mini in durƙusa kafin in yi wa namiji magana, in rage murya, in bi gefen hanya. Takan ce, "Tattara jikinki, Hadiza, ke ba namiji ba ce." Ita ta koya mini salla ma, in haɗe hannuwana da haƙarƙari idan na yi sujada. Da balaga ta matso, muryata ta buɗe, sauran alamomi suka bayyana. Likitoci a Sakkwato suka duba, malaman garinmu suka zauna, hukunci ya zo ɗaya. Aka aske kitsona, aka raɗa mini Abdullahi.

A masallaci baƙin ma'aikata ba su dube ni ba. Mutanenmu ne suka duba. Ga wanda ya sha sayen furata, ga mahaifin ƙawata Ige. A hannuna na dama kuma aka sami Malam Ɗanjuma, dattijon da ko manya suke shakkar tsananinsa. Na yi ta nanata wa kaina duk abin da mahaifina ya gyara mini, amma da goshina ya taɓa tabarma sai jikina ya koma ga abin da ya saba, na dunƙule kamar yadda mata suke yi. Bayan sallama dattijon ya kama wuyan hannuna. Na ji mahaifina ya daina tasbihi. Ya tambaye ni wa ya koya mini salla, na sunkuyar da kai na ce kakata ce, da muryar da ko ni ban ji ta sosai ba.

"Abin da ta sani ta koya maka, Allah Ya saka mata," in ji shi. "Yanzu buɗe hannuwanka, yaro. Juma'a mai zuwa kusa da ni za ka tsaya."

Da muka koma gida na wuce zaure da gudu don in gaya wa Inna, mahaifiyata. Matan maƙwabta suna daka a tsakar gida, sai taɓare suka tsaya. Ige ta jawo mayafi ta rufe fuska. Inna ba ta ɗago ba, ta dai ce a hankali abincina yana zaure wurin babana, kuma daga yau in riƙa sallama kafin in shigo.

Yau na tsufa ina karantar da ɗalibai a zaure, gonakin nan sun zama na shinkafa da alkama, waɗanda suka san Hadiza kuma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma har yanzu nakan bar wa maza tsakiyar hanya, kuma idan aka ɗaga murya a majalisa gabana yakan faɗi. Idan mace ta tsaya a ƙofa da tambaya ta kasa furtawa, na san abin da ya shaƙe ta, sai in sallami ɗalibai in jira. Wani lokaci nakan ji amon turmi daga bayan katanga in rasa layin da nake karantawa. An ba ni sahu, na kuma gode wa Allah. Tsakar gida ce ban sake samu ba.